Rubutu Biyu a Kan Batu Ɗaya: Koya wa Ɗaliban Sakandare Auna Bayani



Mai girma shugaban taro, Allah ya ƙara maka lafiya. Shugabannin makarantu da suka baro ayyukansu suka zo, malamai 'yan'uwana maza da mata, iyayen yara, da ku ɗalibai da na hango can baya kun matsu a benci, ina yi muku barka da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace in yi magana a gaban mutanen da da yawansu sun fi ni daɗewa da alli a hannu.

Batun da aka ba ni shi ne yadda za mu koya wa ɗaliban babbar sakandare su ɗauki rubutu biyu ko uku da suka yi bayani a kan abu ɗaya, su jera su, su auna. Ba ƙagaggen labari nake nufi ba, ba kuma waƙa ba. Ina nufin rubutun da ya zo yana cewa ga yadda abu yake: babin littafin tarihi, rahoton jarida, sanarwar hukuma, takardar cikin kwalin magani, har da dogon saƙon nan da ake turo wa mutum ta WhatsApp da asuba, a ce ya tura wa mutum goma. Zan bi maganar gaɓa-gaɓa.

Na ɗaya: mun saba wa yaro da murya ɗaya

Ku duba tafiyar yaro daga firamare zuwa ƙarshen sakandare. Kowane darasi littafi ɗaya, ko ma babu littafin, sai abin da malam ya rubuta a allo aka kwafe. A jarrabawar WAEC da NECO, in an zo auna fahimta, rubutu ɗaya ake ajiye masa a ce ya zaƙulo amsa daga ciki. In an zo taƙaitawa, haka. Shekara 12 yana koyon cewa duk abin da ya gani a takarda, nasa shi ne ya gane, ya haddace, ya mayar. Yaushe aka taɓa ajiye masa takarda biyu da suka saɓa wa juna, aka ce masa, to, yanzu fa?

Ranar da ya fita daga hannunmu kuwa, abin da zai tarar ke nan kullum. Wannan gidan rediyo ya ce mutum kaza suka rasu a ambaliya, wancan ya faɗi wani adadi, waya kuma ta kawo na uku da hoto. Yaron da bai taɓa yin wannan aiki a aji ba, ko ya riƙe wanda ya fara ji, ko ya riƙe wanda ya yi daidai da son ransa.

Abin mamaki, wannan yaro in aka aike shi sayen ragon layya, ba zai biya kuɗin da dillalin farko ya yanka masa ba. Zai zagaya kasuwa, ya taya nan ya taya can, ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya ma lura cewa dillalan nan biyu da suka faɗi kuɗi iri ɗaya tare suke zama. Ashe hankalin yana nan. Mu ne ba mu buɗe masa ƙofar aji ba.

Kada kuma wani ya ce baƙon abu ne aka ɗauko mana daga Turai. Wanda ya zauna a zauren malamin hadisi ya san ba a tsayawa a kan lafazi kawai. Ana tambaya wa ya ruwaito, daga wa ya karɓo, sun ma yi zamani ɗaya kuwa, ya riwayar wane ta zo, ina aka sami ƙari ko ragi. Wannan gado yana cikin garinmu. Bai dai tsallako zuwa makarantar boko ba.

Na biyu: zaɓen rubutun shi ne rabin darasi

A nan zan daɗe, ku yi mini haƙuri.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kawo rubutu ɗaya na gaskiya, ɗaya kuma ƙarya tsagwaronta, a ce yara su kwatanta. Cikin minti biyar sun gama, sun yi dariya, ba su koyi komai ba. Aikin yana wurin rubutu biyu da kowane marubucinsa ya yi iya ƙoƙarinsa ya faɗi gaskiya, amma duk da haka suka bambanta. Ga misali daga Kano.

Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa ɗan Sukotlan, ya shigo Kano a watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Heinrich Barth, Bajamushe masani wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shigo a watan Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman. Shekara 27 tsakani. Kowannensu ya rubuta abin da ya gani. Malami zai iya ciro ɗan sashe daga kowanne, ya fassara shi da Hausa ko ya sauƙaƙa Turancinsa, kada ya wuce rabin shafi.

Clapperton ya ce yana shiga ƙofar gari gwiwarsa ta yi sanyi, domin Larabawan da ya yi tafiya da su sun kambama masa birnin. Ya tarar da fili mai faɗi tsakanin badala da gidaje, ga gonaki, ga kududdufai. Sai da ya shiga kasuwa ya ga tsarinta sannan ya yaba. Barth kuwa ya iso da bashi a kansa, ga rashin lafiya, amma ya bi unguwanni yana kallon masaƙa da marina, ya bi sawun tufafin Kano yadda fatake ke kai su Ghat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu.

Tambayar farko ga yara: gari ɗaya ne kuwa? In gari ɗaya ne, me ya sa ɗaya ya fara da takaici, ɗaya ya cika shafuka da saƙa da rini? Ku bar su su yi ta laluben amsa. Wani zai ce garin ne ya bunƙasa cikin shekara 27. Wata za ta ce ai shi na farkon an cika masa kunne ne kafin ya zo, shi ya sa ya raina abin da ya gani. Wani zai lura cewa ɗaya soja ne, ɗaya malami ne mai jin Larabci da ya koyi Hausa a hanya, don haka idonsu ba zai tsaya a wuri ɗaya ba. Duk waɗannan amsoshi ne masu kyau, muddin yaro zai sa yatsa a kan layin da ya ba shi hujja.

To ga inda na fi so. Clapperton ya ƙiyasta mazauna Kano tsakanin 30,000 da 40,000, ban da baƙin da ke cika gari da rani. Barth ya ce 30,000, amma a lokacin da ayari ke shigowa, daga Janairu zuwa Afrilu, suna iya kai 60,000. In ka rubuta waɗannan a allo, rabin aji za su ce: Malam, mutanen Kano sun ragu ke nan. Ɗaya rabin za su ce: Malam, tunda alƙaluman sun yi kusa da juna, ai gaskiya ne, shaida biyu ke nan.

Duka biyun sun yi gaggawa. Ka mayar da su kan takarda. Wa ya ƙirga mutanen? Babu. Clapperton da kansa ya faɗa cewa kintace ne ya yi. Kintace biyu ba za su nuna maka raguwa ko ƙaruwa ba. Sannan ka nuna musu cewa Barth ya ambaci ƙiyasin Clapperton a cikin nasa littafin. An buga labarin tafiyar Clapperton tun 1826, Barth ya san abin da ke ciki. To shaida biyu ne, ko shaida ɗaya ce da wanda ya ji ta bakinta kafin ya ba da tasa? Ban ce Barth kwafa ya yi ba, mutum ne mai lura ƙwarai. Na dai ce dacewarsu ba ta kai ƙarfin da yara suka ba ta ba.

Jama'a, in yaro ya fita da wannan kaɗai daga sakandare, ya ci riba. Gobe in ya ga labari ɗaya a shafuka goma na Facebook, zai tambayi kansa: goma ne suka gani, ko ɗaya ne ya rubuta tara suka kwafa?

Na uku: kowane adadi yana da ranar haihuwa

Malaman labarin ƙasa, wannan taku ce. Ɗauki Tafkin Chadi, wanda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kewaye. Rubuce-rubuce da yawa za su gaya maka cewa a 1963 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, amma ya ƙafe har ya rasa kashi 90 cikin ɗari. Wasu rubuce-rubucen kuma, waɗanda suka dogara da hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun baya-bayan nan, za su ce tafkin ya daina raguwa, har ya ɗan farfaɗo. Ajiye wa yara su biyun. Wa ke ƙarya?

Mai yiwuwa babu. Tafkin ya yi mummunar raguwa a farin shekarun 1970 da 1980, har ya rabu gida biyu, kudu da arewa. Wanda ya fara lissafi daga 1963, lokacin da ruwa ya cika sosai, ya tsaya a tsakiyar fari, zai ga bala'i. Wanda ya fara daga bayan farin zai ga sauƙi. Ga kuma wani abu: tafki ne marar zurfi, mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, faɗinsa da kaka daban, da bazara daban. Wani mai awo ruwan da ke fili kawai yake ƙirgawa, wani kuma yana haɗawa da wanda ke kwance ƙarƙashin ciyayi.

Saboda haka duk inda yaro ya ga adadi, ya yi masa tambaya uku: daga yaushe zuwa yaushe, me aka auna, wa ya auna? Ku kuma gaya masa cewa farfaɗowar ruwa a hoto ba ta nufin masuncin Baga, da ke gaɓar tafkin, ya koma sana'arsa lafiya. Wannan wata magana ce, rubutun da ya yi zancen faɗin ruwa bai amsa ta ba.

Na huɗu: abin da ba a faɗa ba, da murya ta uku

Yara suna saurin gano inda rubutu biyu suka yi karo. Abin da ke ba su wahala shi ne ganin abin da ɗaya ya faɗa, ɗayan ya yi shiru a kai. Shiru ba ya da layin da za a ja masa.

Ɗauki cin Kano da Turawan Ingila suka yi a 1903. Akwai abubuwan da kowa ya yarda da su. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta bi ta Bebeji, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Aka yi karo a Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Sakkwato ta faɗi a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a Burmi a watan Yuli. Wannan ka sa yara su fara jerawa, domin kafin a yi zancen saɓani, a san inda aka haɗu.

Sai dalili. Rahoton Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ga gwamnatinsa zai sa maka abu biyu a gaba: cinikin bayi, da kashe Kyaftin Moloney da Magajin Keffi ya yi a 1902, shi Magajin ya gudo Kano aka karɓe shi. Masana tarihi 'yan Najeriya, irin su R. A. Adeleye a littafinsa na 1971, sun dubi lamarin daga ɓangaren Daular Usmaniyya ta Sakkwato, wato ƙasa mai shugabanninta da tsarinta da aka zo aka ci da yaƙi. Ka tambayi yara: Lugga wa yake rubuta wa? Me yake so waɗanda ke Landan su yarda da shi? Wane abu ne zai yi masa nauyin faɗa? Shi kuma masanin da ya rubuta bayan samun 'yancin kai, wace tambaya ce ta dame shi da ba ta dami Lugga ba?

A nan akwai tarko. In ka tsaya a rubutu biyu, yara za su mayar da darasin wasan ƙwallo: namu da nasu. Namu gaskiya, nasu ƙarya, a tashi. Shi ya sa nake ba da shawarar a kawo murya ta uku wadda ba ta shiga sahun kowa ba. Akwai littafin Baba ta Karo, tarihin rayuwar wata Bahaushiya da ta tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau, wadda ta ba Mary Smith labarinta aka buga a 1954. Tana raye aka yi zuwan Turawa. Ta nuna cewa mutanenta ba su ƙi zuwan nasu ba, saboda sun gaji da hare-hare da kamen mutane, ta kuma ba da labarin yadda wasu bayin gidansu suka kama gabansu. To ina za ka ajiye ta? Ba Baturiya ba ce, ba 'yar fada ba ce.

Ita ma kada a ɗauke ta a kai. Ta ba da labarin ne bayan kusan shekara 50, ga Baturiya ta ba shi, a zamanin da Turawa ke mulki, kuma an fassara shi zuwa Turanci. Yarinya mai kaifin hankali za ta ɗaga hannu ta ce: Malama, anya ba ta faɗi abin da baƙuwarta ke son ji ba? Wannan tambaya a ba ta cikakken maki, ko da ba a sami amsarta ba.

Na san wasu za su ce wannan batu yana da zafi ga aji. Gaskiya ne, malami ya san ajinsa da garinsa. Amma in muka ce sai abin da ba ya taɓa zuciyar kowa za mu kwatanta, to yara za su iya aikin ne a inda ba a bukatarsa.

Na biyar: ya za a yi a aji mai cunkoso?

Na ga wani malami yana murmushi. Na san abin da ke ransa: wannan mai lacca bai san aji mai cike da yara har bakin taga ba, babu injin fotokwafi, darasi minti 40, manhaja kuma tana jiran a gama ta. Na sani. Ga abin da zai yiwu.

Rubutun ya zama gajere, kowanne ya shiga rabin allo. In allo bai isa ba, a rubuta a kwali tun daga gida, a liƙa a bango, kwalin nan zai yi shekaru yana aiki. A raba aji biyu, kowane ɓangare ya karanta rubutu ɗaya kawai, ya rubuta abin da ya fahimta. Sannan a haɗa su bibbiyu, wannan ya gaya wa wancan. Ku saurari hayaniyar da za ta tashi. Za ku ji ana cewa: Kai, ba haka aka ce ba! Wani ya ce: Wallahi haka aka rubuta, zo ka gani! Wannan tashi da yaro ya yi daga benci ya je ya duba takarda da kansa, shi muke nema. A nan ne ya gane cewa shi da abokinsa duk sun karanta daidai, rubutun ne ya bambanta.

Bayan haka a ja layi uku a allo: inda suka haɗu, inda suka saɓa, da abin da ɗaya kaɗai ya faɗa. Layi na uku ya fi cika, kuma shi ake mantawa. Wanda ba shi da littafi ko ɗaya, yana da rediyo. A sa rabin aji su saurari labarin wani abu a BBC Hausa, rabi su saurare shi a gidan rediyon jiha, wani ya kawo jaridar Aminiya in ta ɗauko shi, gobe a jera.

Sai rubutu. Kada darasi ya ƙare a baki. Kowane yaro ya rubuta sakin layi ɗaya ko biyu, kuma a hana shi hanyar ragwaye, wato ya taƙaita na farko, ya taƙaita na biyu, ya ajiye biro. Wannan jerawa ce, ba kwatantawa ba. A ce masa ya ɗauki magana ɗaya, misali yawan mutanen Kano, ya faɗi abin da kowanne ya ce a kanta, ya faɗi dalilin bambancin, sannan ya yanke: a kan wannan magana, wanne ya fi dogara da shi, kuma don me? A kan wannan magana kawai. Mai yiwuwa a wata maganar ɗayan ne ya fi.

Yanke hukuncin nan dole ne. Akwai cutar da wannan darasi ke iya haifarwa in ba a kula ba: yaro ya fita yana cewa ai kowa da ra'ayinsa, duk ɗaya ne, ko ya ce duk marubuta maƙaryata ne. Wannan bai fi mai hadda ba, ya ma fi shi wuyar gyara, domin yana ganin ya waye. Wanda ya je ya gani ba ɗaya yake da wanda aka gaya wa ba. Wanda ya faɗi inda ya samo adadinsa ba ɗaya yake da wanda ya jefo shi kawai ba.

Saura maganar iyaye, da na san tana ran wasunku. Shin ba za mu koya wa yara musu da rashin kunya ba? Mu mutane ne da yaro ba ya ja da babba, kuma ban zo rushe wannan ba. Ku lura, a wannan darasi yaro ba da malaminsa yake ja ba. Takarda ce ke ja da takarda, shi an ɗora shi ne a tsakani ya saurari kowa kafin ya yi magana. Har ma yakan koyi cewa "ban sani ba tukuna, sai na duba," maganar da ta yi ƙaranci a bakin manya ma. Nauyin da ke kanmu malamai shi ne, ranar da yaro ya gano abin da ya wuce mu a cikin rubutun, mu ce masa madalla a gaban aji, kada mu haɗe rai. In muka haɗe rai sau ɗaya, ba mai sake ɗaga hannu a wannan zangon.

Game da jarrabawa kuwa, yaron da ya saba neman abin da marubuci ke nufi da abin da ya tsallake, auna fahimtar rubutu ɗaya ba za ta ba shi tsoro ba. Darasi biyu ko uku a zango sun isa a fara.

Mai girma shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo.  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara ba ɗaliban nan na baya dama kafin malamai su karɓe lasifika.